Me Kake So Ka Iya? Harshe da Burin Yaro a Azuzuwan Ɗan Issa

Daga cikin dabarun koyarwa da ake yayi a tarurrukan horar da malamai akwai wadda ke cewa a farkon shekara malami ya tara ɗalibansa ya tambaye su abin da suke sha'awar koyo, ya bar kowa ya faɗi abin da ya zo masa a rai, sannan a tsamo daga ciki wasu ƙudurori da yaran za su sa a gaba. Asalin dabarar a harkar tallace-tallace ta Amurka yake. Alex Osborn, ɗaya daga cikin shugabannin wani kamfanin talla, shi ya shimfiɗa ƙa'idojinta a littafinsa na 1953: kada a kushe shawarar kowa ana cikin zubawa, a nemi yawa, a karɓi ko da wadda ta yi kama da shirme, a kuma ɗora wata bisa wata. Daga ofisoshi ta ratsa zuwa makarantu, har ta iso ajin farko na firamare. Da Hausa ana iya kiranta bajekolin tunani, domin kowa shimfiɗa hajarsa yake yi tukuna kafin a soma tayi.

Malamin da ya ɗauko wannan dabara ya kai ta ajin CI ko CP a ƙaramar hukumar Ɗan Issa, cikin gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, kada ya yi mamaki in ya gamu da shiru, ko kuwa yaro ɗaya ya ce "likita" sauran su bi shi da baki ɗaya. Hukuncin da kan riga kowane zuwa baki a irin wannan hali shi ne ƴaƴan karkara ba su da buri. Hukuncin kuskure ne, kuma masu nazarin harshe su suka fi dacewa su rushe shi, domin tushen shirun a harshe yake. Ya samo asali daga harshen da aka yi tambayar da shi, da tsarin zancen da aji ya saba da shi, da kuma aikatau ɗin da aka gina tambayar a kansa. Kowane daga cikinsu yana gyaruwa ba tare da an jira sabon gini ko sabon littafi ba.

Yaron da ake tambaya

Ɗan Issa gari ne na bakin iyaka, a kan hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina. Yaron da ya tashi a nan ya buɗe ido da kuɗi iri biyu, sefa da naira. Sefar ma ba da adadin da ke rubuce a jikinta yake ƙirga ta ba, da dala yake ƙirgawa: dala biyar sefa 25 ce, dala ashirin sefa 100, jikka kuwa sefa 1000. Yarinya ƴar shekara 7 da ke tallar ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa tana juya lissafi tsakanin dala da naira, tana mayar da canji, tana riƙe bashin gidaje a ka. Yaron da ke kiwon jajayen awaki ya san ciyawar da ke kumbura ciki da wadda ke sa nono. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin rayuwar yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a wuyan yara, domin su ne ƴan aike da ƴan talla masu shiga kowane gida. Irin wannan yaro ne ake cewa ba shi da abin faɗa.

Makaranta kuma ba ita kaɗai ke neman yaron ba. Gona tana nemansa, kasuwa da tasha suna nemansa, ga kuma ramukan zinariya da suka ɓulla a yankin. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 wani rami ya rufta a Garin Liman, cikin wannan ƙaramar hukuma, mutane aƙalla 18 suka rasu. Duk da haɗarinsa, ramin zinariya yana faɗa wa matashi ƙarara abin da zai samu in ya dace, haka ma kasuwa da kabu-kabu. Makaranta ce ke iya riƙe yaro shekara 6 ba ta taɓa tambayarsa abin da ya zo nema ba, ba ta kuma faɗa masa inda aka dosa da harshen da yake ji ba. Wanda bai san abin da ya kai shi wuri ba, tashi ba ya yi masa wuya. Saboda haka tambayar yaro abin da yake so ya koya tana cikin hanyoyin riƙe shi a aji.

Harshen tambaya

Faɗin buri aiki ne mai nauyi ta fuskar nahawu. A dubi jumla kamar wannan: "Ina so in iya karatu domin in karanta wa kakata saƙo in babana ya aiko." A cikinta akwai aikatau na so, da ganga dogarau har uku, da lokaci umartau, da mahaɗin dalili, da na sharaɗi. Yaro Bahaushe ɗan shekara 6 yana ƙera irinta a guje yana wasa. In aka ce ya faɗe ta da Faransanci, sai ya buƙaci sigogin aikatau da ba a koyar da su sai an yi nisa a firamare, alhali a watanninsa na farko abin da ya mallaka bai wuce gaisuwa da amsa kiran suna da ƴan sunayen kayan aji ba. Da waɗannan ba a gina dalili ko sharaɗi. Iyakar abin da zai iya shi ne ya jefa kalma ɗaya da ya tsinta a bakin wani, mushe ya rubuta ta a matsayin burinsa, alhali yawan Faransancin yaron kawai aka auna.

Doka ba ta hana a tambayi yaron da Hausa ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta tanadi cewa a matakin firamare harshen uwa ne harshen koyarwa, Faransanci kuwa darasi ne. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma a yawancin azuzuwa Faransanci ke riƙe da allo tun daga ranar farko. A gwajin PASEC na 2014, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban Nijar masu kammala firamare suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A 2019 adadin ya tashi zuwa wajen kashi 30, wato yaro 7 cikin 10 bai kai ba. A gwajin na 2014 ƙasar da ta zo kan gaba a ƙananan azuzuwa ita ce Burundi, inda ake fara karatu da Kirundi, harshen da yaran ke ji a gida.

Harshen uwa kuma yana nufin karin da yaron ya sha a nono. A yankin Maraɗi, inda Katsinanci da Gobiranci suka haɗu, ana jin "tahi" da "hwaɗi" da "kuɗɗi" da "shi zo", a wasu gidajen har da "sunka". Malamin da ya koyi daidaitacciyar Hausa, ya tsayar da yaro tsakiyar magana ya ce masa "tafi" ake cewa, ya karya ƙa'idar Osborn ta farko, domin ya kushe haja tun ba a gama shimfiɗa ta ba. Daidaita furuci da ƙa'idojin rubutu suna da darasinsu daban. Haka nan ɗan Fulanin da ke ajin, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, a bar shi ya faɗa da Fulatanci wani ya fassara.

Tsarin zancen aji

Sauya harshe kaɗai ba zai buɗe bakin yaro ba in tsarin zancen yana nan yadda yake. A 1975 John Sinclair da Malcolm Coulthard na Jami'ar Birmingham suka bayyana yadda zancen aji ke tafiya hawa uku: malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci ko an yi daidai. Yaron da ya yi wata 3 a aji ya riga ya gane cewa kowace tambaya tana da amsa guda da ke cikin kan malami, kuma kuskure yana jawo dariya ko tsawa. Ranar da aka ce masa "me kake so?", hankalinsa yana kan gano amsar da mushe ke jira. A 1996 Keith Chick ya bayyana wani salo da ya gani a wani aji a KwaZulu ta Afirka ta Kudu, inda malami ke ɗauko jumla ɗalibai su ƙarasa da baki ɗaya, kowa ya tsira da mutuncinsa ba tare da an gano wanda ya fahimta ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan aji a ƙasar Hausa ya san wannan amo.

Ga kuma kunya. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Yaron da ya ji tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, ba ya zaƙewa da magana a gabansa, balle ya miƙe cikin jama'a yana lissafa abin da ransa ke so. A kan ɗiya mace ma abin ya fi tsanani. Shirun da malami ke karantawa a matsayin rashin buri, a gida sunansa ladabi.

Masana walwalar harshe sun daɗe da sanin cewa shirun yaro a gaban babba ba ya auna iyawarsa. A 1969 William Labov ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 a unguwar Harlem ta birnin New York, wanda a hirar farko da wani babba bai fitar da komai ba sai kalma ɗaya-ɗaya. A karo na gaba mai tambayar ya zauna a ƙasa, ya zo da soyayyen dankali, ya kuma gayyato babban abokin yaron. Nan take yaran biyu suka shiga rige-rigen magana. Mary Budd Rowe kuma, a farkon shekarun 1970, ta auna cewa malamai ba su cika jiran amsa fiye da daƙiƙa 1 ba, kuma in suka jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu yin shiru su ragu.

Al'adar Hausa ta tanadi wuraren da bakin yaro ke buɗewa. A dandali da farin wata da wajen tatsuniya, yara ba su da shamaki. A kacici-kacici ma yaro yana iya riƙe tambayar: shi zai ce "ƙulin ƙulifita", in wanda aka tambaya ya kasa, ko babba ne, sai ya ba da gari kafin ya ji amsa. Ga aike kuma, wanda kowane yaro ya ƙware a kansa. Yarinyar da ba za ta iya cewa "ina so" a gaban mushe ba tana iya cewa "wai ta ce tana so ta iya rubuta sunanta" ba tare da ɗar ba, domin ɗan aike ba ya jin kunyar saƙon da ba nasa ba. Saboda haka a haɗa yara biyu-biyu, kowa ya faɗa wa abokinsa, sannan kowa ya isar da saƙon ɗan'uwansa ga aji. Da ƴar kalmar "wai" an kauce wa kunya ba tare da an taka ta ba.

Zama, iya da sani

Tambayar da aka fi yi wa yara ita ce "me kake so ka zama?" Aikatau ɗin "zama" suna yake nema a bayansa, sunan muƙami ko sana'a, yaro kuwa ba zai ambaci abin da bai taɓa gani ba. A garin iyaka jerin gajere ne: ɗan duwan, jandarma, direba, likita, mushe, ɗan kasuwa. Amsar tana nuna waɗanda yaron ya ga ana girmamawa, amma ba ta bai wa malami abin da zai koyar ranar Litinin ba, domin tsakanin ajin CI da zama likita akwai shekaru wajen 20.

"Iya" kuwa aiki yake nema a bayansa: iya rubuta suna, iya karanta saƙon waya, iya duba lambar da ke jikin takardar asibiti, iya rubuta lissafin da aka saba yi a ka. Yawancinsu ana cim masu cikin makonni ko watanni, kuma yaron da kansa zai gane ranar da ya iya. "Sani" shi kuma ganga mai tambaya yake jawowa: me ya sa Gulbin Maraɗi ke cika da damina ya ƙafe da rani, daga ina ruwan tabkin Madarumfa ke zuwa, me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa ke tohowa, yaya murya ke shiga waya. Waɗannan tambayoyi ƙofofin labarin ƙasa da kimiyya ne, kuma darussan da ke amsa su suna cikin manhaja da wasu sunaye.

Sunayen da manya ke amfani da su ma suna da tarko. "Manufa" da "muradi" kalmomin rediyo da takarda ne. "Sha'awa" tana da wata ma'ana da kan sa manyan yara sunkuyar da kai. "Buri" kuwa ba kullum yake yabo ba, domin yaron da ya ji ana zargin wani da dogon buri ya koyi cewa abu ne da ake ɓoyewa. Aikatau masu sauƙi sun fi isar da saƙo: so, iya, sani, gwada, ko kuma a ce "me ke ba ka mamaki?" A kuma tuna cewa Hausa tana bambanta jinsi a mutum na biyu tilo. Malamin da ya ce wa aji "me kake so" da nufin kowa, ƴan matan na iya ɗauka ba da su ake ba. A ce "kake" a kuma ce "kike", ko a tara su da "kuke".

Yadda za a yi a aji mai cunkoso

Binciken da aka yi kan dabarar Osborn ya gano mata rauni. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Yale a 1958, da na Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a 1987, sun nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai sun fi waɗanda aka tara wuri ɗaya yawan shawarwari. Babban dalilin da Diehl da Stroebe suka gano shi ne jiran layi, domin kafin a zo kan mutum ya manta tasa ko ya bar ta. A aji mai cunkoso raunin ninkuwa yake yi. Don haka matakin farko shiru ne na ganganci: kowane yaro ya zana a ɗan allonsa abu ɗaya da yake so ya iya, tun bai ji na kowa ba. Sai a zauna biyu-biyu, sai isar da saƙo. Malami ya rubuta a babban allo abin da aka faɗa da kalmomin mai faɗa, kada ya ce "madalla" ga wata amsa ya yi shiru ga wata, domin yara sun fi karanta fuskar malami a kan allonsa.

Daga nan sai a tara masu kama da juna, a zaɓi biyu ko uku da ajin zai bi cikin wata guda, kowane yaro kuma ya riƙe nasa ƙarami. A 1986 Donna Ogle ta fito da jadawali mai gida uku da ya dace da wannan: abin da aka sani, abin da ake so a sani, da abin da aka koya. Gida na uku shi ne amanar da ke wuyan malami. In aka tambayi yaro a Oktoba ba a sake waiwayar maganar ba har Yuni, abin da ya koya shi ne tambayar wasa ce.

Kalmomin da yaran suka kawo su ne littafin karatunsu na farko. Sylvia Ashton-Warner, wadda ta koyar da ƴaƴan ƙabilar Maori a New Zealand, ta bayyana a littafinta na 1963 yadda take tambayar kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati, kalmar ta zama tasa. Yaron Ɗan Issa da ya nemi "raƙumi" ko "ƙwallo" ya sami dalilin koyon ƙ mai lanƙwasa, wadda babu ita a Faransanci. Ƙungiyar iyaye mata da kwamitin kula da makaranta, waɗanda tsarin ilimin Nijar ya riga ya tanada, su ya kamata a karanta wa jerin, domin uwar da ta ji ɗiyarta tana so ta iya karanta mata takardar awo ta sami sabon dalilin barinta ta je lakwal.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma manhaja daga Yamai take zuwa. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce yaro ya rubuta manhaja. Baƙaƙe da wasula da ƙidaya suna nan yadda hukuma ta tsara. Abin da bajekolin ke bai wa malami shi ne ƙofar da zai shigo da su.

Za a ce ana koya wa yara tsaurin ido. Amsar tana makarantar allo, wadda babu mai zarginta da ɓata tarbiyya. A can kowane almajiri ya san inda allonsa ya tsaya, ya san surar da ke gabansa, ya san tafiyar izu 60 ce, kuma sauka tana jiransa. Shi ke zuwa ya biya wa malam in ya iya, ya wanke allo a ɗora masa gaba. Matakin kusa da na nesa duka a bayyane suke gare shi, ladabinsa kuma bai ragu ba. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita, ya ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, kuma wannan gwargwado ya isa ya kwantar da hankalin iyaye.

Za a ce Faransanci iyaye suka kawo ƴaƴansu su koya, Hausa kuwa akwai ta a gida. Buƙatar tasu tana kan hanya, domin jarrabawa da takardun aiki da Faransanci ake yinsu. Sai dai tun 1979 Jim Cummins ya kafa hujja cewa iya karatu da tsara tunani da aka gina a harshe na farko suna ƙaura zuwa na biyu. Yaron da ya saba cewa "domin" da "in" a Hausa yana da wurin da zai rataya takwarorinsu na Faransanci in sun zo. Ba mamaki ma "iya Faransanci" ya fito cikin jerin yaran, sa'an nan kuwa ya zama abin da suka nema da bakinsu.

Hujja mafi nauyi ita ce halin da makarantun ke ciki. Ranar 8 ga Nuwamba 2021, kwana ɗaya bayan ruftawar ramin Garin Liman, gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Mai cewa a fara da bango da rufi yana da gaskiya kan abin da ya fi gaggawa, kuma babu dabarar koyarwa da za ta sauke wa hukuma wannan nauyi. Sai dai gini yana jiran kasafin kuɗi, yaron da ke CI a bana kuwa ba zai sake zama ɗan shekara 6 ba. Bajekolin tunani rabin sa'a da guntun alli yake ci, saboda haka ba ya rage komai daga kuɗin siminti.

Rabon ɗaliban kimiyyar harshe

Hausa tana cikin harsunan Afirka da aka fi yi wa hidima. Akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934, da nahawun Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001. Dukkansu Hausar manya suka bayyana. Mai rubuta littafin ajin CI a cibiyar INDRAP ta Yamai kuwa yana buƙatar sanin kalmomin da ɗan shekara 6 a Madarumfa ke juyawa a bakinsa, da sigogin da yake faɗin so da dalili da sharaɗi da su, da kalmomin aro na Faransanci da Ingilishi da iyaka ta cusa cikin Hausarsa. Zaman bajekolin tunani guda, in an naɗe shi da izinin iyaye da malamai an kuma sakaya sunayen yaran, yana ba da irin wannan magana da yawa, domin a cikinsa yara ke ƙera jumloli nasu na kansu. Taskar CHILDES da Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa a 1984 ta riga ta samar da tsarin rubuta maganar yara da tantance ta.

Daga irin wannan naɗi kundaye da dama za su fito: a kwatanta amsoshin "zama" da na "iya" da na "sani", a auna tsawon jumlar yaro in yana magana da bakinsa da in yana isar da saƙon aboki, a duba ko ƴan mata sun fi magana in an ce "kike". Kowane sakamako yana da mai jiransa a makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi, inda masu shirin riƙe waɗannan azuzuwa suke. Abin da ya kamata ya fara fitowa ma bai kai kundi ba. Takarda ce mai shafi ɗaya, ɗauke da tambayoyi 10 da Hausar yankin, waɗanda aka gwada a gaban yara aka ga suna buɗe baki, a miƙa wa malamin CI na Ɗan Issa kafin a koma makaranta a Oktoba.